Kafin ka goge Windows ka ɗora Linux, fara gwada kwamfutar da filas

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da Microsoft suka daina tura wa Windows 10 ofdet na tsaro a ranar 14 ga Oktoban 2025 ake ta tambaya, wai yanzu ya za a yi da tsofaffin laftof ɗin nan, tunda ita Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɗan guntun tsaro da ke cikin kwamfuta, kuma a ɓangaren Intel sai furosesa daga ƙarni na 8 zuwa sama, alhali yawancin na hannun da ake kawowa Beirut Road a Kano ko Computer Village a Ikeja 'yan ƙarni na 4 ne zuwa na 7, lafiyarsu ƙalau. Toh Linux, wadda ita ma tsarin gudanar da kwamfuta ce kamar Windows, na ɗaya daga cikin mafita, kyauta ce, ba kirak ba kuɗin lasin. Amma don Allah kar ka goge komai sai ka gwada, zancen bidiyon nan ke nan.

A taƙaice dai, wani ɗalibi ne a Helsinki ta ƙasar Finlan mai suna Linus Torvalds ya fara rubuta zuciyar tsarin a 1991, wato kanel, aka haɗa ta da manhajojin GNU da Richard Stallman ya faro tun 1983. Wayar Android ɗin da ke hannunka ma a kan kanel ɗin nan take gudu. Daga nan mutane suka yi ta haɗa nasu samfurin na Linux, Debian a 1993, Ubuntu a 2004, Linux Mint a 2006. Ni dai ga sabon shiga Mint nake cewa ya ɗauka, don fuskarta ta yi kama da Windows 7 da aka saba, in ram ɗinka 4GB ne ɗauki Mint mai fuskar da ake kira Xfce, ta fi sauƙin nauyi.

Yanzu maganar direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa kowane sashe na kwamfuta ya yi aiki, nan ne ake yawan ruɗewa. A Windows ka saba bayan an gama fomatin sai mai gyara ya zauna yana zuba direba ɗaya bayan ɗaya, na sauti daban na sikirin daban. A Linux yawancinsu suna cikin kanel ɗin tun asali, kana kunnawa take gane kayan da ke cikin kwamfutar. Shi yasa abin yake zuwa a juye, tsohuwar kwamfuta ta fi samun goyon baya a kan wadda ta fito wata biyu da suka wuce, saboda an daɗe da rubuta mata direba. Irinsu ThinkPad T440 da T450, Dell Latitude, HP EliteBook 840, waɗanda ofisoshin Turai suka gama amfani da su aka kawo mana, kusan komai nasu yana tashi ba tare da ka taɓa komai ba.

Inda ake cin karo shi ne waifai. In katin waifai ɗinka na Intel ne ko Atheros galibi ka huta. In Broadcom ne, wanda yake cikin tsofaffin HP da Dell da yawa, toh zaka iya kunnawa ka ga babu netiwok ko ɗaya, saboda direban nasu a rufe yake, ba ya cikin kanel ɗin. Wasu na Realtek ma sukan yi gardama, su kama su saki. Kuma akwai abin da ake kira famwaya, ƙaramin fayil da katin yake buƙata kafin ya farka, shekara da shekaru Debian ba sa saka irin rufaffun nan a faifansu na hukuma don aƙidarsu ta manhaja mai 'yanci, sai a 2022 suka kaɗa ƙuri'a, Debian 12 da ta fito a Yunin 2023 ta zo da su a ciki. Wlh wannan ya rage wa mutane wahala sosai.

Sai katin hoto. Intel da AMD ba ruwanka, direbansu a buɗe yake. NVIDIA ce ke da hanya biyu, akwai buɗaɗɗen direba mai suna nouveau da zai nuna maka hoto amma ba ƙarfi, akwai na kamfanin wanda zaka ɗora daga baya. Abin karanta zanen yatsa kuwa kar ka sa rai sosai, wasu suna yi wasu ba sa yi.

Toh ya ake gwajin? Nemi filas mai 8GB wanda ba komai mai muhimmanci a ciki don za a share shi tas. Sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ke ɗauke da tsarin gaba ɗaya, daga shafin Mint na asali, kusan 3GB ne, na Ubuntu 24.04 kuwa ya kusa 6GB, don haka a lissafa data, ko a jira garaɓasar dare. Rubuta shi a filas ɗin da Rufus ko balenaEtcher, ko Ventoy in kana so ka zuba ISO da yawa a filas ɗaya. Kashe kwamfutar, soka filas, kunna, kana kunnawa ka dinga danna maɓallin zaɓen but, wato zaɓen inda kwamfutar zata tashi daga shi, a HP F9 ne, a Dell da yawancin Lenovo F12, a Asus kuma Esc. Zaɓi filas ɗin.

Kamar yadda kuke gani a sikirin, Mint ta buɗe gaba ɗayanta daga filas, ba ta taɓa had disk ɗin ba, Windows ɗinka da fayilolinka suna nan yadda ka bar su. Kamar mai sayen babur ne, ai sai ka hau ka zaga kafin ka ƙirga kuɗi. Duba kusurwar dama ta ƙasa, sunayen waifai sun fito? Haɗa, buɗe Firefox, kunna wani bidiyo ka ji sifika, soka iyafis ka ji ko sautin ya koma can, danna maɓallan ƙara haske da rage haske, shafa yatsa biyu a tacfad ka ga ko shafi yana gangarawa, gwada Bluetooth, rufe murfin laftof ɗin ka ɗan jira ka buɗe ka ga ko ta farka. Wannan na ƙarshen mutane suna mantawa da shi, sai bayan sati su ga batir yana ƙarewa a cikin jaka. In kana da firinta soka ta yanzu, na HP dai suna da direbansu na Linux mai suna HPLIP, yawanci suna yi. Zaka ga tana ɗan jan ƙafa, filas ɗin ne, ba haka zata kasance a disk ba.

In waifai bai fito ba kar hankalinka ya tashi. Buɗe taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni, rubuta lspci, danna enta, nemi layin da aka rubuta Network controller, nan zaka ga sunan katin. In na USB ne lsusb zaka rubuta. Sai ka haɗa wayarka da kebul ka kunna USB tethering a wayar don ta ba kwamfutar intanet, Linux tana gane shi nan take, da wannan intanet ɗin ka buɗe Driver Manager ya sauke maka direban Broadcom. In ya ƙi gaba ɗaya mai gyara zai iya canja katin da na Intel, sai dai wasu tsofaffin HP da Lenovo BIOS ɗinsu, wato manhajar da ke tada kwamfuta kafin Windows ko Linux su hau, baya karɓar katin da ba ya cikin jerinsu, a tambaya kafin a saya.

Komai ya yi? Toh kwashe fayilolinka zuwa wani waje tukuna, hotunan biki, furojet ɗin makaranta, duka. In zaka bar Windows a gefe su zauna tare, shiga cikinta ka kashe Fast Startup, in BitLocker, mai kulle disk, a kunne yake adana makullinsa sannan ka kashe shi. Sannan caja a jiki batir a cike, don in NEPA suka ɗauke wuta ana tsakiyar yanka fatishan, wato raba disk, a laftof mai mataccen batir, abin ba zai yi daɗi ba.

Wani lokacin zaka danna Install don fara ɗora Mint ta ce bata ga disk ba. Yawanci a Dell ake ganin haka, an saita disk ɗin a kan RAID ko Intel RST, sai ka shiga BIOS, F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, ka maida shi AHCI. Amma fa in kana son Windows ɗin ta ci gaba da tashi, saita ta ta shiga Safe Mode kafin ka canja, in ba haka ba shuɗin sikirin zata nuna maka. Secure Boot kuwa, tsaron da ke hana kwamfuta tashi da tsarin da bata amince da shi ba, Ubuntu da Debian da sababbin Mint suna tashi da shi a kunne, sai dai in ka ɗora direban NVIDIA ko Broadcom zai ce ka sa kalmar sirri, a kunnawa ta gaba wani shuɗin allo ya fito, zaɓi Enroll MOK ka rubuta ta, kar ka tsallake. Masu tsofaffin 32-bit kuma, Ubuntu ta daɗe da barinsu, Debian 13 ta 2025 ita ma ta daina fitar musu da faifan ɗorawa, sai dai irinsu antiX.

Sauran matakan tambayoyi ne kawai, yare, kibod, agogo ka zaɓi Legas ko Yamai, suna da kalmar sirri. A wajen disk ne zaka nutsu ka karanta, Install alongside zai bar Windows, Erase disk kuwa share komai ne kuma ba a dawowa.

Masu shagon buga takardu ku sani fa, CorelDRAW da Photoshop da Microsoft Office ba sa gudu a Linux kai tsaye, akwai Inkscape da GIMP da LibreOffice amma ba ɗaya bane, in da Corel kake cin abinci kar ka goge Windows, raba disk ɗin kawai.

In ɗorawar ta gama, cire filas, sake kunnawa, buɗe Update Manager a sauke duk abin da ya nuna, saita Timeshift don in wani ofdet ya ɓata abu ka koma baya. Sannan shiga saitin kibod ka ƙara Hausa (Nigeria), akwai na Gana ma, daga nan ƙ da ɗ da ɓ duk zaka iya buga su. Wanda waifai ɗinsa ya ƙi, ya turo mana layin da lspci ya nuna masa, za mu duba in sha Allah.