Zaɓen Gilashin Kyamara Mai Faɗin Gani Don Hoton Cikin Gida a Kuɗi Mai Sauƙi

Assalamu alaikum, masu kallo. Ɗakin da kuke gani yanzu tsawonsa ƙafa 12, faɗinsa ƙafa 12, wato mita 3.6 kowane ɓangare, irin ɗakin kwanan da dillalin gidaje zai kira mai hoto ya ɗauka domin a tallata. Hoton farko an ɗauke shi ne da gilashin da ke zuwa tare da ƙananan kyamarori da yawa, mai lamba 18-55, aka buɗe shi iya faɗinsa, aka tsaya mita 3 daga bangon da ake fuskanta. Abin da ya shiga hoton bai wuce wannan bango ɗaya da tagarsa ba, domin a wannan nisa gilashin yana ɗaukar faɗin kimanin mita 3.7 ne kawai. Hoto na biyu daga wuri guda aka ɗauke shi, da kyamara guda, sai dai an sauya gilashi zuwa mai milimita 10. Yanzu ga bangon dama da na hagu, ga tayil, ga silin da fankarsa, ga ƙofar banɗaki. Wanda ke neman haya zai iya kallon wannan hoto ya san inda zai ajiye gadonsa.

Lambar milimita da ke jikin gilashi ita ce ke nuna faɗin ganinsa, kuma duk lokacin da lambar ta yi ƙasa, ganin yana ƙara faɗi. Amma lambar ba ta da ma'ana ita kaɗai sai an haɗa ta da girman sensa, wato allon da ke kama haske a cikin kyamara, kuma a nan ne mutane da yawa suke asarar kuɗinsu. Babbar sensa faɗinta milimita 36, tsayinta milimita 24, daidai da girman fim ɗin da aka yi amfani da shi a da, kuma da ita ake auna komai. Ƙaramar sensa, wadda ake kira APS-C, tana ɗaukar tsakiyar hoton ne kawai, saboda haka sai a ninka lambar gilashin sau 1.6 idan kyamarar Canon ce, ko sau 1.5 idan Nikon ce, ko Sony, ko Fujifilm. Milimita 18 a kan ƙaramar Canon tana zama kusan 29. Milimita 10 tana zama 16. Wanda ya ji an ce milimita 16 ce ta dace da hoton ɗaki, ya je ya sayi gilashi mai 16 ya ɗaura a kan ƙaramar Canon, abin da zai samu shi ne kusan 26, ya koma kusa da inda ya baro, kuɗinsa kuma sun tafi.

To wace lamba ake nema? A ma'aunin babbar sensa, aikin cikin gida yana gudana ne tsakanin milimita 16 da 24. A 16 kyamara tana ganin kusurwar digiri kimanin 97 daga dama zuwa hagu, wanda ya ɗan ɗara kusurwar ɗaki, shi ya sa idan aka tsaya a lungu ake samun bangon gefe biyu duka. A 24 kusurwar tana komawa digiri kimanin 74, kuma a nan ne babban falo ya fi fitowa da kamanninsa na gaskiya. Ga mai ƙaramar sensa, wannan yana nufin gilashin da ya fara daga milimita 10 ko 11 ya kai 15 ko 16. Don haka na fi son gilashin da ake iya ja da sassautawa a kan mai lamba ɗaya tak, domin a gida ɗaya za a shiga banɗakin da bai kai mita 2 ba, a fito a shiga falo mai ɗaukar kujeru saiti biyu.

Akwai jarabar da ke kama sabon mai hoto idan ya samu irin wannan gilashi, ita ce ya bar shi a mafi faɗinsa a kowane ɗaki. Ku dubi gefen wannan hoto: firjin da ke kusa da kusurwa ya yi faɗi kamar wadirob, agogon bango mai da'ira ya koma kamar ƙwai, tayil ɗin da ke kusa da ƙafar mai hoto kuma ya miƙe ya yi tsawo. Wannan ba lahani ne na gilashin ba, haka lissafin yake idan aka shimfiɗa gani mai faɗi a kan takarda shimfiɗaɗɗiya, kuma tsadar gilashi ba ta gyara shi. Na taɓa ɗaukar wani gida mai ɗaki biyu da falo a farkon shigata wannan sana'a, na saki gilashin iya faɗinsa a ko'ina, dillalin ya ji daɗin hotunan ƙwarai. Bayan kwana uku ya kira ni yana faɗa, domin duk wanda ya kai ya ga gidan sai ya tsaya a bakin ƙofar falo ya tambaya ko wannan ne na cikin hoton, sannan ya juya. Tun daga ranar nake farawa daga 20 ko 24 a ma'aunin babbar sensa, ba na sauka 16 sai bango ya hana ni ja da baya.

Abu na biyu da ke rubuce a jikin gilashi shi ne lambar da ke bayan harafin f, wadda ke nuna girman ƙofar haske, idan lambar ta yi ƙasa ƙofar tana ƙara girma, kuma ita ce ke cin kuɗi. Gilashin da ake ja da sassautawa mai f/2.8 yana buƙatar manyan gilasai a cikinsa da nauyi mai yawa, farashinsa kuma yakan ninka na mai f/4.5 ko f/5.6. Mai ɗaukar biki da daddare yana buƙatarsa, domin amarya ba za ta daskare ta jira shi ba. Ɗaki kuwa ba ya motsi. Ana ɗora kyamara a kan mazauninta mai ƙafa uku, a tsuke ƙofar haske zuwa f/8, a bar ISO, wato ma'aunin saurin kama haske na sensa, a 100, a ƙyale kyamarar ta sha haske na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Daga f/2.8 zuwa f/8 haske yana raguwa sau takwas, wato abin da za a ɗauka cikin kashi ɗaya bisa takwas na daƙiƙa zai ɗauki daƙiƙa guda, kuma babu wanda wannan zai cutar. A f/8 ne ma komai ke fitowa tar: idan aka saita gilashin milimita 10 a kan abin da ke nisan mita ɗaya da rabi, daga kimanin rabin mita har zuwa ƙarshen ɗaki duk zai fito ras. A wannan mataki, bambancin kaifi tsakanin gilashi mai araha da mai tsada yana raguwa sosai, balle a hoton da za a kalla a fuskar waya. A ganina, kuɗin da za a ƙara domin f/2.8 gara a sayi ƙafa uku mai ƙarfi da su.

Yanzu ga sunaye. Mai ƙaramar Canon irin 700D ko 80D ko 2000D, abin da ya fi dacewa da shi shi ne EF-S 10-18mm f/4.5-5.6 IS STM, wanda ya fito a 2014 a kan kimanin dala 300. Nauyinsa giram 240 ne, jikinsa roba ne har bakin da ke shiga kyamara, wanda hakan ke sa wasu raina shi, amma ganinsa ya yi daidai da 16 zuwa 29, daidai wurin da aikin yake. A lura cewa ba ya hawa Canon masu babbar sensa da madubi a ciki irin 5D da 6D. Waɗannan nasu mai sauƙin kuɗi shi ne EF 17-40mm f/4L, tsohon gilashi ne na 2003 da ake yawan samu na hannu, gefensa yana da ɗan dushi idan an buɗe shi duka, amma yana gyaruwa idan aka tsuke zuwa f/8 ko f/11.

A ɓangaren Nikon akwai AF-P DX 10-20mm f/4.5-5.6G VR na 2017, shi ma farashinsa na farko ya ɗan haura dala 300 kaɗan. Sai dai haruffan AF-P suna ɗauke da tarko. Tsofaffin kyamarori irin D90, D3100, D3200, D5100 da D7000 ba sa iya sarrafa injinsa, kuma da yake zoben saita ganinsa ma da lantarki yake aiki, ko da hannu ba za a iya saita shi a kansu ba. Mai irin waɗannan kyamarori sai ya nemi Sigma 10-20mm ko Tokina 11-16mm f/2.8. Tokina ɗin ƙarfe ne mai nauyin fiye da rabin kilo, kuma yana da fitowa biyu: na farko na Nikon ba shi da injin saita gani a cikinsa, don haka a jerin D3000 da D5000 sai da hannu, na biyu mai alamar II shi ne aka sa wa inji.

Masu kyamarar zamani marar madubi suna da nasu. Canon ya fitar da RF 16mm f/2.8 a 2021 domin babbar sensa, shi ma a kan kimanin dala 300, sannan RF-S 10-18mm a 2023 domin ƙarama, kuma tsohon EF-S ɗin yana hawa ta hanyar adafta, wato zoben da ke haɗa tsohon gilashi da sabuwar kyamara. Ga Sony da Fujifilm masu ƙaramar sensa akwai Samyang 12mm f/2 na Koriya ta Kudu, wanda a Amurka ake sayar da shi da sunan Rokinon, kuma tsohon samfurinsa da hannu ake saita shi, abin da ba ya damun mai aikin ɗaki.

Abubuwa biyu kuma a guje su ko da kyauta aka bayar: gilashin idon kifi, wanda yawanci yake zuwa da lamba 8, domin yana lanƙwasa kowane bango kamar gefen tulu, da kuma ƙaramin gilashin da ake murɗawa a gaban na asali mai rubutun 0.43x, wanda ke dusashe gefen hoto ya kuma baƙanta kusurwoyi.

Maganar lanƙwasa tana buƙatar a tsaya a kanta, domin abin da ido ya fara kamawa a hoton gini shi ne layin da ya kamata ya miƙe amma bai miƙe ba. Kusan kowane gilashi mai faɗin gani yana ɗan kumbura layukan da ke kusa da gefe, kamar cikin ganga. Wannan yana gyaruwa da dannawa ɗaya a manhajar gyaran hoto irin Lightroom, ko a Digital Photo Professional da Canon ke bayarwa kyauta, ko a darktable wanda shi ma kyauta ne, muddin manhajar tana da bayanin wannan gilashi a cikinta, saboda haka ya kamata a duba jerin sunayen kafin a biya kuɗi. RF 16mm da na ambata an ƙera shi ne bisa dogaro da wannan gyara, idan aka kashe gyaran hoton yana kumbura ƙwarai. Samyang 14mm f/2.8 na babbar sensa kuwa, duk da araharsa da kaifinsa, lanƙwasarsa ta gashin baki ce, tana tashi a tsakiya ta sauka sannan ta sake juyawa a gefe, kuma gyara irin wannan da hannu aiki ne mai wahala. Ban ba da shawarar a fara da shi ba.

Akwai kuma karkatar da ba laifin gilashi ba ce ko kaɗan. Ku kalli abin da ke faruwa yayin da na ɗaga bakin kyamarar sama kaɗan: bangaye sun fara haɗuwa ta sama kamar ɗakin zai faɗi baya. Na sunkuyar da ita, sun buɗe ta sama sun tsuke ta ƙasa. Maganin wannan shi ne kyamara ta tsaya cak, ba ta kallon sama, ba ta kallon ƙasa, a tsayin da ya kai tsakanin mita 1.2 da 1.5 daga ƙasa, kusan ƙirjin mutum. Kyamarori da yawa suna da ma'aunin daidaito a allonsu, waɗanda ba su da shi kuma ana sa musu ƙaramin ma'auni mai ƙwayar iska cikin ruwa, irin wanda magina ke ɗorawa a kan bulo. Manyan masu hoton gine-gine suna amfani da gilashi mai zamewa irin Canon TS-E 17mm na 2009, wanda farashinsa na farko ya haura dala 2000, amma mai tallan gidan haya zai iya barin ɗan fili a gefen hoto ya miƙar da layukan a kwamfuta.

Yawancinmu na hannu za mu saya, don haka a je da kyamarar da za a ɗaura shi a kai. A cire murfin gaba da na baya, a haska fitilar waya ta ƙasa, a leƙa ta sama. 'Yar ƙura a ciki ba matsala ba ce, duk gilashin da ya ga hunturu biyu yana da ita kuma ba ta fitowa a hoto. Abin tsoro shi ne funfuna, wadda take kama da saƙar gizo-gizo ko farin zare mai rassa, tana kama gilashin da aka ajiye cikin danshi, kuma idan ta daɗe tana cinye rufin da ke kan gilashin ta bar tabon da ba ya gogewa. A murɗa zobban biyu, na ja da sassautawa da na saita gani, daga farko zuwa ƙarshe a ji ko akwai inda suke cijewa. Daga nan a nemi bango mai tayil ko bulo, a tsaya daidai gabansa, a ɗauki hoto a milimita mafi ƙanƙanta da f/8, sannan a faɗaɗa kusurwoyi huɗun ɗaya bayan ɗaya a allon kyamara. Idan uku sun fito da kaifi ɗaya kuma ta dushe, alama ce cewa gilashin ya taɓa faɗuwa wani abu ya goce a cikinsa, sai a mayar wa mai shago kayansa a nemi ya ɗauko wani.