Alƙaluman shafinka: daga ina baƙi suke zuwa, a ina suke juyawa?

An rubuto wannan daga faifan laccar da aka yi wa masu shafukan labarai da masu sayar da kaya a intanet.

Assalamu alaikum. Malamai, 'yan'uwa maza da mata, barkanmu da warhaka.

Mai shago a Kantin Kwari yana zaune yana kallon wanda ya shigo, da atamfar da ya taɓa, da inda ya ji kuɗi ya juya. Mai shafin intanet ba ya ganin kowa, alƙaluma ne idonsa. Abin da ke damuna shi ne yawancinmu lamba ɗaya tal muke dubawa: mutum nawa suka shigo yau. In ta hau a yi murna, in ta sauka rai ya ɓaci. Wallahi wannan lambar ba za ta nuna maka abu ko ɗaya da za ka gyara ba.

Kayan aikin ba sa wuya. Google Analytics, manhajar da ke ƙirga baƙin shafi, kyauta ne, yana nan tun 2005, shekarar da Google ya sayi kamfanin Urchin. Ku dai lura, tsohon salonsa ya daina karɓar bayanai ranar 1 ga Yulin 2023, wanda ake aiki da shi yanzu shi ne GA4. Wanda kuma yake son bayanansa su zauna a hannunsa, akwai Matomo, wata manhajar mai irin wannan aikin.

To, tambaya ta farko: daga ina suka zo? Ku buɗe rahoton hanyoyin shigowa a GA4, za ku ga rukunin da aka rubuta wa Direct, wato waɗanda na'ura take ɗauka su suka rubuta adireshin shafinka da hannunsu. Sau da yawa rukunin nan ya fi kowanne kumbura, mai shafi ya ce ai jama'a sun haddace sunana. A'a, malam. Da yawansu daga WhatsApp suka zo. Wani ya tura labarinka zauren 'yan unguwa, wata ta tura wa ƙawayenta, suka latsa, amma manhajar ba ta faɗa wa shafinka daga inda suka fito ba. Duk sai a zuba su wuri guda, kai kuma ka ci gaba da kashe kuɗin talla a Facebook alhali cinikinka daga wata ƙofar yake shigowa.

Maganin abin ɗan rubutu ne. Kafin ka tura adireshin, ka liƙa masa wannan a ƙarshe: ?utm_source=whatsapp. Wanda za ka sa a Facebook ka rubuta facebook. Duk hannun da adireshin ya bi, alamar tana biye da shi. Ba mako biyu za ka fara gane wace hanya ce take kawo masu karatu, wacce ce kuma take kawo masu leƙe.

Na ce masu leƙe. GA4 yana ƙirga ziyara a matsayin ta kirki in mutum ya wuce daƙiƙa 10, ko ya buɗe shafi 2, ko ya aikata abin da ka saita a matsayin muhimmi, kamar latsa lambar waya. Sauran sai ya ce sun shigo sun fita. Amma a sa hankali. Wanda ya zo neman farashin buhun masara, ya gani nan take ya tafi, ai buƙatarsa ta biya. Dogon labari kuwa da ake gudu daga cikinsa tun ba a je ko'ina ba, wannan shi ne abin bincike. Ka ɗauki waya irin ta masu karatunka, ba tsadaddiya ba, ka kashe wayifai, ka buɗe da data. Za ka ga hoton saman yana saukowa a hankali, talla ta rufe rubutu, ga data tana zuba. Google ya sa ma'auni cewa babban abin da ke kan shafi ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Rage nauyin hotuna kaɗai yakan kai ka kusa da nan.

Sai Google Search Console, wanda ni a ganina ya fi kowanne amfani ga mai rubutu da Hausa. Yana nuna maka ainihin kalmomin da mutane suka rubuta a Google har suka ci karo da kai, na tsawon wata 16. A nan za ka ga yadda suke tambaya da bakinsu, da yadda suke gwama Hausa da Turanci a layi ɗaya, da tambayoyin da ake ta yi ba ka taɓa amsawa ba. Kowace irin wannan tambaya, labarin gobe ne aka ba ka kyauta.

Na'am, Hajiya? Ta ce rahotonta yana nuna rabin baƙinta daga Legas suke, ita kuwa a Katsina take sayar da turare. Hajiya, kada ki gina komai a kan wannan. Na'urar tana kintacen gari ne daga adireshin layin intanet, kamfanonin waya kuwa sukan bi da masu data ta manyan cibiyoyinsu, sai mutum yana Funtuwa a rubuta shi a Legas ko Abuja. Ki yarda da ƙasar, ki yi shakkar garin. In garin kike son sani, ki duba inda kike aika kaya. Su kuma lambobin waya da adireshin gidajen da masu saye suke ba ki amana ce, kuma tun 2023 Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a, saboda haka ki rubuta a shafinki abin da kike tattarawa da abin da kike yi da shi.