Jan ƙarfen Owode Onirin da motar da ba ta shan mai

Hajiya: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Agege, Legas. Ina tare da Injiniya kamar kullum, sai baƙonmu Baba Alhaji, wanda ya daɗe yana sana'ar gwangwan a Owode Onirin, kan titin Ikorodu. Baba, sannu da hanya.

Baba Alhaji: Yauwa Hajiya, sannunku. Hanya kam sai haƙuri. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ke cinye rabin ribar yaranmu masu tura baro.

Hajiya: Abin da ya tara mu ke nan. Kowa na maganar motar lantarki, amma Injiniya ya ce zancen daga ƙarfe yake farawa. Ta yaya?

Injiniya: Hajiya, motar lantarki ba ta shan fetur, amma tana cin ƙarfe. Hukumar makamashi ta duniya, IEA, ta ce ma'adinan da ke shiga cikinta sun ninka na motar fetur sau 6. Jan ƙarfe kaɗai ya kai kilo 53, ta fetur kuwa kilo 22. Ga alminiyam don jiki ya yi sauƙi, ga litiyam a batir. Najeriya kuma ta yi alƙawari a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021 cewa kafin 2060 za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda take kawarwa. To, ina za a samo wannan ƙarfen?

Baba Alhaji: A hannunmu mana! Ɗana, ka zo rumfata ka gani. Yaro zai zauna da guduma da kurfi, ya fasa kwampreson tsohon firij, ya zaro kwayil ja wur, ya ɗora a sikeli. Mu kofa muke ce masa, shi ne sarkin kaya. Baƙin ƙarfe ya tafi kamfanonin Ikorodu da Ogijo a narka a yi rodi. Shi kuwa kofa, da yawansa kwantena yake shiga, sai tashar jirgin ruwa ta Apapa. Wallahi abin na damuna. Mu tara, wasu su sarrafa, a dawo mana da shi a cikin inji da tsada.

Hajiya: A nan ƙungiya za ta shigo ke nan?

Injiniya: Ƙwarai. Ƙungiyar masu masana'antu, MAN, tun 1971 take, hedikwatarta na nan Ikeja, kuma tana da reshe na masu ƙarfe. Kamfani ɗaya ba zai iya ɗaukar nauyin bincike ba, amma in an yi karo-karo za a iya. Misali, wayar da ake naɗawa a injin mota tana son jan ƙarfe mai tsabta ƙwarai, ɗan gauraye kaɗan ya isa ya sa ta ɗau zafi. Wa zai gwada yadda za a tace na Baba har ya kai wannan matsayi? Ga Jami'ar Legas a Akoka, inda hukumar bunƙasa ƙera motoci ta ƙasa, NADDC, ta kafa wurin cajin mota mai aiki da hasken rana a 2021. Ga cibiyar binciken ƙarafa a Jos. Aikin ƙungiya ne ta ɗauki buhun kaya da kuɗi ta kai musu, ta ce ga tambayarmu.

Hajiya: Amma ai an riga an haɗa motar lantarki a garin nan.

Injiniya: An haɗa Hyundai Kona, kamfanin Stallion ya nuna ta a 2020, kuma na yi murna ranar. Sai dai haɗawa daban, ƙerawa daban. Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta tun 1979 ake jiran ta.

Baba Alhaji: Ni bari in faɗi abin da ke hana ni barci. Tsohon batirin mota mun san shi, dalma ce da ruwan batir, kuma ko shi ɗin wasu a ƙasa suke tsiyaye ruwan, yara na yawo ba takalmi. Yanzu ga na litiyam ya fara shigowa, na waya da na sola. Wata rana wani yaro ya sara ɗaya da guduma a gabana, nan take ya fashe, wuta ta tashi, da ƙyar muka ja shi baya. Bai san ba a fasa shi ba. In na mota suka fara zuwa, masu nauyin ɗaruruwan kilo fa?

Hajiya: Subhanallahi. Ya yaron?

Baba Alhaji: Ya warke, sai tabo a hannu. Shi ya sa nake cewa duk zaman da manya za su yi a Ikeja, a kira shugabanninmu na 'yan jari bola. A koya wa yara da Hausa da Yarbanci yadda ake gane batir, a ba mu wurin da za mu kai shi a biya mu.

Injiniya: Baba, zan zo da ɗalibai biyu su ga rumfar, in ka yarda.

Baba Alhaji: Ku zo ranar Asabar da sassafe, kafin motar kaya ta tashi. Ku sa takalmi mai kauri.