Sharhi: Furannin Otawa da manoman da suka biyo bayansu

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Duk wanda ya shiga Otawa, babban birnin Kanada, a watan Mayu zai tarar da gari ya cika da furen tulif, ja da rawaya da fari, tun daga bakin ruwa har harabar majalisa. Daga Holan furen ya zo, ƙasar da matanmu suka fi sani ta dalilin atamfa, kuma yau a kan mutanen da suka biyo shi za mu yi magana.

A shekarar 1940 sojojin Jamus suka mamaye Holan, sai Gimbiya Juliana mai jiran gado ta kwashi 'ya'yanta ta yi hijira zuwa Otawa. A can ta haifi Margriet ranar 19 ga Janairu 1943, bayan gwamnatin Kanada ta janye ikonta daga ɗakin haihuwar na ɗan lokaci don jaririyar ta bi ƙasar uwarta. A gida kuwa abu ya yi tsanani. Hunturun 1944 zuwa 1945 yunwa ta kashe kusan mutum 20,000, har jama'a suka koma dafa ƙwan tulif, wanda yake kama da albasa, suna ci. Sojojin Kanada na cikin waɗanda suka fi ɗaukar nauyin ƙwato ƙasar, kuma fiye da 7,600 daga cikinsu suka kwanta dama a can. Da yaƙi ya ƙare, gidan sarautar Holan ya aika wa Kanada ƙwan tulif 100,000 na godiya.

Ba a jima ba mutane suka bi sawun furen. Holan ƙasa ce ƙarama, yaƙi ya rusa gidaje, ga iyali masu yawa. Manomi mai 'ya'ya takwas da gona ɗaya ya san ko an yi rabon gado babu wanda zai samu abin da zai riƙe gida. Gwamnati da kanta ta shiga ƙarfafa wa jama'a gwiwa su fita, har firaminista Willem Drees ya faɗa a 1950 cewa dole wasu su nemi makomarsu a ƙasashe masu faɗi. Jirgin ruwa mai suna Waterman ya sauke ayarin farko a Montreal a watan Yunin 1947. Ambaliyar 1953 a Holan, wadda ta ci rai fiye da 1,800, ta ƙara tunzura wasu. Kafin ƙarshen shekarun 1960, kimanin mutum 150,000 sun zauna a Kanada.

Tsarin shi ne wani manomin Kanada ya tsaya maka, kai kuma ka yi masa ƙodago shekara guda. Kuɗin da aka yarda ka fita da shi kaɗan ne ƙwarai, saboda haka dukiyar iyali ta tafi ne cikin wani ƙaton akwatin katako: keken ɗinki, tukwane, barguna, keken hawa, Littafi Mai Tsarki. Wasu sun iso sun tarar masaukinsu tsohon akurkin kaji ne ko rumbu, ga sanyin da ba su taɓa gani ba. Uwar gida ta share, ta rataya labule a taga, mai gida ya ɓare akwatin ya yi rumfa da katakon. A kudancin lardin Alberta, uba da uwa da yara duk suna duƙe da fartanya a gonakin wani tushe da ake yin sukari da shi, daga asuba har faɗuwar rana, ana haɗa ladan kowa wuri guda har a tara na sayen gona. Da yawa sun saya cikin 'yan shekaru. A arewa da Toronto akwai wata fadama da aka janye wa ruwa, Holland Marsh, inda iyalan Holan suka fara zama tun 1934, suka mayar da ita matattarar karas da albasa. Aikin hana ruwa cin gona dama gadonsu ne.

Adalci ne a faɗi cewa ƙofar da aka buɗe musu ba a buɗe wa kowa ba. Har zuwa 1962 Kanada tana zaɓen baƙi ne bisa asali, tana fifita mutanen arewa maso yammacin Turai. Guminsu gaskiya ne, gatan da suka samu shi ma gaskiya ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne abin da suka riƙe da abin da suka saki. Sun gina coci-coci, sun gina makarantu da kuɗin aljihunsu, har ƙungiyar ƙwadago ta Kirista suka kafa a 1952. Amma harshe ya kuɓuce musu tun a kan 'ya'yansu. Iyaye sun ga Ingilishi ne hanyar abinci, suka daina yi wa yara Holanci a gida, coci ma ya juya huɗuba zuwa Ingilishi. Ƙidayar 2016 ta nuna fiye da mutum miliyan ɗaya a Kanada suna da jinin Holan, amma yawancin jikoki abin da ya rage a bakinsu bai wuce “oma” da “opa” ba, wato kaka mace da kaka namiji, sai wani soyayyen fulawa mai kama da fanke da ake yi daren sabuwar shekara. Ni a ganina asara ce babba, kuma ba dole ce ta sa aka yi ta ba.

A birnin Brampton na lardin Ontario akwai gidan tsofaffi, Holland Christian Homes, da al'ummar ta gina wa iyayenta. Masu kula da tsofaffin baƙi sun san cewa idan ciwon mantuwa ya kama mutum, harshen da ya koya da girma shi ke fara tafiya, ya koma na yarinta. Sai ka ga tsohuwar da ta yi shekara sittin tana Ingilishi ta riƙe hannun jikarta tana ba ta labari da Holanci, yarinyar tana waiwaye ko akwai wanda zai fassara mata.