Masu Ja-gorar Kwarin Dallol Boso da Abin da Ya Rage Mana a Korama

Lacca ce da aka gabatar a gaban malamai da ɗalibai a Damagaram, aka rubuto ta daga faifan da aka naɗa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayena, malamai, ƙannena ɗalibai, barkanmu da war haka. An ce in yi magana kan yawon buɗe ido a jiharmu, amma ku yi mini haƙuri, sai mun je ƙasar Zabarmawa tukuna kafin mu dawo gida.

In ka baro Yamai ka kama hanyar Dosso, kilomita kamar 60 za ka iske garin Kure. Gaba da shi akwai wani tsohon kwari da ake kira Dallol Boso, kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da, amma ruwa bai yi nisa a ƙasa ba. A nan ne raƙuman dawa na ƙarshe a Afirka ta Yamma suke kiwo. Da damina suna hawa tudu, su shiga sabara da geza. Rani na kamawa sai su gangaro kwari, domin gawo. Ku manoma kun san halin gawo, ya kaɗe ganye da damina, ya yi kore shar lokacin da kowane ice ya bushe.

A 1996 da aka ƙirga raƙuman dawan, 49 kawai aka samu. Ku riƙe wannan adadi. Fari ya ci wasu, mafarauta sun ci wasu, sare daji ya kori saura. Kuma ba a cikin gandun da aka killace suke ba, a cikin gonakin mutane suke yawo. Raƙumin dawa ya ratso gonarka ya cinye wake, ya miƙa wuya ya tsinke mangwaron da kake jira ya nuna. Wane manomi ne zai so dabbar da ke yi masa haka? Doka ta hana kashe su, gaskiya ne, amma ita kaɗai ba ta cika rumbun kowa.

To a nan ne labarin ƙungiya ya fara. Samarin ƙauyukan, ƴaƴan manoma da makiyaya da suka san kowace hanyar daji, suka haɗa kai suka zama masu ja-gora. Baƙo ya zo ya biya kuɗin shiga, a haɗa shi da mutum ɗaya daga cikinsu, ba ya kutsa gonar kowa shi kaɗai. A gefe guda kuma ƙungiyar kare raƙuman dawa ta ASGN ta riƙa haƙa rijiyoyi a ƙauyuka, tana bai wa mata ƙananan rance na sana'a. Sannu a hankali mai gona ya gane cewa wannan doguwar dabba tana da hannu a rijiyar da matarsa ke ɗibar ruwa.

Na je da kaina, shekarun baya. Mai ja-gorarmu ya hau rufin mota ya zauna, da ƴar sanda a hannu. Ba ya magana, sai dai ya zuro sandar ta gaban gilashi, ya karkata ta dama ko hagu, direba ya bi. Can ya sa aka tsaya, ya sauka, ya tsuguna yana duban sawu a rairayi, ya ɗauki kashin dabbar ya murje shi da yatsa, ya ce na safiyar nan ne. Ba mu yi nisa ba sai ga uwa da ɗanta a gindin gawo. Wallahi ilimin da na gani a wurin yaron nan ba a koyar da shi a aji.

Kafin shekarar 2018 adadin raƙuman dawan ya haura 600, har a shekarar nan aka ɗauki 8 aka kai su Gadabeji ta jihar Maraɗi, inda da can suke rayuwa.

Sai ranar Lahadi 9 ga Agusta 2020. Ƴan bindiga a kan babura suka kashe mutum 8 a dajin Kure: Faransawa 6 ma'aikatan ƙungiyar agaji ta ACTED, da direbansu, da shugaban masu ja-gora. Allah ya jiƙan musulmi. Daga ranar ƙafar baƙi ta ɗauke. Aikin da aka shekara fiye da 20 ana ginawa ya tsaya, saboda kusan duka ƙarfinsa a kan baƙin Turai ya jingina. Wannan wuri shi ya fi damuna, kuma shi ya sa na kawo muku labarin.

Yanzu mu dawo gida. Damagaram ba yau ta fara karɓar baƙi ba. Ayarin Azbin da na Gadamas a Zango suke sauka. Heinrich Barth, Bature matafiyi ɗan Jamus, wanda aka fi sani da Abdulkarim, ya sauka a nan a ƙarshen 1852. Nan ce hedikwatar ƙasa har 1926 da aka mayar da ita Yamai. Muna da fada, da lungunan Birni masu zanen bango, da duwatsu, da dukawa, da hawan ƙaho da wasan kara. A 2018 da aka yi bikin 18 ga Disamba, ranar Jamhuriya, a nan, kowa ya ga yadda gari ya cika.

Amma baƙon da ya zo yakan kwana ɗaya a birni ya juya, bai taka kwarin Korama ba. Bai ga gonakin rake a ƙasar Matameye ba, bai zauna a inuwar lambunan Mirya ba, ga ta nan kusa, bai kai Gidimuni ya ga tafki da dabino ba. Ko yaranmu na cikin birni da yawa ba su taɓa zuwa ba, alhali a kasuwar Dole suke shan raken.

Ni a ganina, ƙungiyar da za ta yi wannan aiki a Korama ba a ofis za a haife ta ba. Masu lambu za su kafa ta, da sanin mai gari da magajin gari. A san wa zai raka baƙo, nawa za a biya, nawa zai shiga asusun ƙauye, kuma a karanta lissafin a bainar jama'a bayan kowace kaka, domin kuɗin da ba a bayyana ba shi ke raba ƴan uwa. Matan da za su dafa abinci su ma a ba su kujera tun ranar farko.

Sannan baƙonmu na farko ba wanda ke jiran biza ba ne. Gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Ƴan lakwal ne da malamansu, da ɗaliban jami'ar André Salifou, da ƴan uwanmu na Maraɗi da Kano da Daura da ke zuwa kallon hawan salla. Su harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya, kuma sun san hanya.

Ku ɗalibai, ga abin da nake roƙo. Duk wanda garinsu ke bakin Korama, hutun nan ya ɗauki littafi ya zauna da tsofaffi, ya rubuto sunayen tafkuna da fadamu, da ranar kasuwa, da watan da ake saran rake, da wanda ya san tarihin kafuwar garin. Ku kawo mini bayan hutu, mu haɗa su wuri guda. Na ga hannu a baya can, malam, bismillah da tambayarka.