Alƙali a Sama, Kurkuku a Ƙasa: Lacca a kan Gidan Tarihin Jakarta

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Malamaina, iyayena maza da mata, ɗalibai, barkanmu da yamma. Na gode da kuka bar harkokinku kuka zo.

Alhazan da ke cikinmu sun san mutanen Jawa. Su ne waɗannan ƙananan mutane masu ladabi da kuke gani a wajen ɗawafi, sun riƙe juna kamar jerin gwano, kowa da ƙyalle iri ɗaya a wuya. Yau ƙasarsu zan kai ku, Indonesiya, kuma gida ɗaya tak za mu shiga a babban birninsu Jakarta.

In ka sauka a tashar jirgin ƙasa ta Jakarta Kota, tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa ka isa wani makeken fili da aka shimfiɗe da dutse. Unguwar sunanta Kota Tuwa, wato tsohon gari. Ranar da na je filin cike yake da yara 'yan makaranta, da masu ba da hayar kekuna masu launi-launi, kowane keke da malafarsa wadda ta dace da launinsa. A kudancin filin ga gidan nan: dogo, fari tas, hawa biyu, tagogi manya masu koren murfi, rufin jan tayil, da 'yar hasumiya a tsakiya. Ba ya kama da komai na ƙasar. An ce kwaikwayon babban gidan hukumar birnin Amstadam aka yi, kuma da gani ka san haka ne, kamar an tsinko shi daga ƙasar sanyi an dasa a inda gumi ba ya bushewa.

Turawan Holan ne suka gina shi ya zama gidan hukumar birni. An fara gininsa a 1707 zamanin Gwamna Joan van Hoorn, aka buɗe shi a 1710 zamanin Abraham van Riebeeck. Wannan Abraham ɗa ne ga Jan van Riebeeck, wanda ya kafa zangon Turawan Holan a ƙarshen kudancin Afirka a 1652. Uba a can, ɗa a nan, duk ma'aikatan wuri ɗaya.

To wane wuri? Ɗalibai, ku rubuta wannan, don a kansa duk maganata ta tsaya. Waɗannan gwamnoni ba sarki suke yi wa aiki ba. Kamfani suke yi wa aiki. Sunansa a taƙaice VOC, an kafa shi a 1602, attajirai suka zuba hannun jari. Hukumar Holan ta ba shi takardar izni ya gina ganuwa, ya ajiye soja, ya yi yaƙi, ya ƙulla yarjejeniya da sarakuna, ya yanke wa mutum hukunci har na kisa. Abin da yake nema kuwa yana cikin ɗakin girkin kowace uwa a nan: kanumfari, da kirfa, da masoro, da gyaɗar ƙamshi. A 1619 wani shugabansu, Jan Pieterszoon Coen, ya ƙone garin Jayakarta ya gina Bataviya a kan tokarsa, wato Jakarta ta yau. A 1621 ya tafi tsibiran Banda, inda gyaɗar ƙamshi take fitowa, saboda mutanen wurin sun ƙi yarda su sayar wa kamfani shi kaɗai. Aka kashe na kashewa, aka kwashi na kwasa zuwa bauta, wasu yunwa ta gama da su a kan duwatsu, har tsibiran suka kusa zama kango. Duk a kan ɗan abin da muke gogawa a kunu.

Mu 'yan Nijeriya ba baƙon labari ba ne a wurinmu a ce kamfani yana mulki. Kamfanin Neja ya riƙe bakin kogin Kwara da Binuwai da irin wannan takarda tun 1886. Abin da ya ba ni mamaki shi ne kwanakin: VOC ya mutu ranar ƙarshe ta 1799, ikon Kamfanin Neja ya ƙare ranar ƙarshe ta 1899. Shekara ɗari cif, kuma duk biyun gwamnati ce ta gaji abin da ɗan kasuwa ya ƙwata.

Mu shiga ciki. Hawan sama shi ne na manya. Daɓen katako ne mai kauri, yana ƙara in ka taka. Akwai kabad-kabad da suka fi ƙofar zaure tsawo, da teburori, da kujeru na baƙin itace da aka sassaƙa da furanni, aikin da ba ka gajiya da kallo. Na tsaya ina tunanin hannuwan da suka yi wannan sassaƙa, don masassaƙan Bataviya da yawansu 'yan Asiya ne, wasu ma bayi. A nan majalisar alƙalai take zama. Kuma akwai wani tsohon zane da aka yi domin ɗakin shari'a, mai hukunci uku. Na ɗaya ƙissar da muka sani ce, ta Annabi Sulaiman, alaihis salam, da mata biyu da suke jayayya a kan jariri. Na biyu wani sarkin Farisa ne, Kambisis, da ya sa aka feɗe alƙalin da ya ci hanci. Na uku wani mai doka ne na Girka wanda ɗansa ya yi laifin da hukuncinsa cire ido biyu, sai ya ba da idonsa ɗaya aka cire wa ɗan ɗaya, don kada doka ta faɗi. Ashe sun san adalci, jama'a. Sun san shi sarai, har sun rataye shi a bango suna kallo kullum.

Sai mai yi mana jagora ya ce mu sauko mu zaga baya.

A ƙarƙashin wannan gini, daidai ƙasan ƙafafun alƙalan, akwai ɗakuna. Rufinsu a lanƙwashe yake kamar bakin tanda, kuma gajere ne, babban mutum ba ya iya miƙewa tsaye. Na sunkuya na shiga ɗaya. Duhu, zafi, da warin danshi irin na rijiyar da aka daɗe ba a yashe ba. A ƙasa ga dunƙulen ƙarfe nan zube kamar kabewa, waɗanda ake ɗaura wa fursuna a ƙafa da sarƙa. Na sa hannu biyu na gwada ɗaga ɗaya, da ƙyar ya motsa. Bataviya a kan fadama aka gina ta, ruwa yana tsattsafowa ta ƙasa, kuma mutane da yawa ake cusawa a ɗaki ɗaya. Saboda haka da yawa ba su kai ranar shari'arsu ba, zazzaɓi da atini sun riga alƙali. Wanda ya kai, aka yanke masa kisa, a filin nan na gaba ake zartarwa, inda na ce muku yara suna hawan keke. Takobin ma yana nan a gidan an ajiye.

Ban yi minti biyu a ɗakin nan ba na fito ina neman iska. Wallahi har yau in na tuna, ƙirjina yana yin nauyi.

A watan Oktoba na 1740, zamanin Gwamna Adriaan Valckenier, aka yi wa Sinawan birnin kisan gilla. Farashin sukari ya faɗi, ma'aikatan gonakin rake suka rasa abin yi, aka yi ta jita-jitar za a kwashe su a jirgi a zubar a teku, wasu suka yi bore a bayan gari. Sai aka huce a kan waɗanda ke zaune cikin gari, gida-gida. An ƙiyasta mutum wajen 10,000 ne suka mutu. Waɗanda ke tsare a kurkukun wannan gida ma fito da su aka yi aka kashe.

Amma fursunan da ya fi tsaya mini a rai ba a ƙasa aka ajiye shi ba, ɗaki aka ba shi a sama. Sunansa Yarima Diponegoro, ɗan gidan sarautar Yogyakarta. Ya tashi cikin malamai da almajirai, nesa da fada, kuma in ka ga hotonsa da farar jabba da rawani sai ka ce wani malamin Zariya ne. Ya yaƙi Turawan Holan shekara 5, daga 1825 zuwa 1830. An ƙiyasta mutanen Jawa 200,000 suka mutu, Turawa kuma suka rasa sojansu farar fata wajen 8,000. Da suka kasa kama shi a fagen fama, sai suka kira shi sulhu a garin Magelang. Ya zo, ya yi azuminsa a can. Ranar 28 ga Maris 1830, ana cikin bikin ƙaramar sallah, ya shiga wurin Janar De Kock a matsayin baƙo, aka ce ba zai fita ba. Aka kawo shi wannan gida ya yi kusan wata guda, sannan aka kai shi Manado, daga can Makassar, inda ya rasu a 1855. Allah Ya jiƙansa. Cin amanar baƙo ranar sallah, a gaya mini wanne ne daga cikin zane ukun nan ya halatta shi.

Da Indonesiya ta sami kanta, bayan shelar 17 ga Agusta 1945 da yaƙin shekara 4 da ya biyo baya, babu wanda zai zarge su da sun rushe gidan. Ba su rushe ba. Gwamnan Jakarta Ali Sadikin ya gyara shi, ya buɗe shi gidan tarihi ranar 30 ga Maris 1974. Ni a ganina sun yi daidai, kuma hikimar tana cikin yadda suka tsara labarin. Filin suka sa masa sunan Fatahillah, jarumin Musulmi da ya ci tashar Sunda Kelapa a 1527 ya sa mata suna Jayakarta, shekara 92 kafin Coen ya ƙone ta. A ciki suka ajiye kwafin duwatsu masu rubutu na Sarki Purnawarman na ƙarni na 5, ɗaya har da sawun ƙafarsa. Yaron da ya shiga zai gane garinsa ya girmi Bature da fiye da shekara dubu. Kuma ba su toshe ɗakunan ƙasa ba, a buɗe suke, malamai suna sunkuyar da ɗalibai suna shiga.

Saura abu ɗaya, na iyayenmu mata ne. Hajiya, ke da ke zaune a gaba, wannan atamfar da ke jikinki Holan ce ko? To daga wannan labari ta fito. Bayan yaƙin Diponegoro ya cinye musu soja, Turawan Holan suka juyo Afirka ta Yamma, don a lokacin Elmina da ke Gana ta yau tana hannunsu tun 1637. Daga 1831 zuwa 1872 suka ɗebi 'yan Afirka wajen 3,000 suka kai su Jawa aikin soja. A 1837 har yarjejeniya suka yi da Sarkin Asante Kwaku Dua a kan ya riƙa ba su mutane, kuma da yawan waɗanda aka bayar bayi ne da aka gangaro da su Kumasi daga arewa. Mutanen Jawa suka riƙa kiransu Belanda Hitam, wato baƙaƙen Holan. Wasu suka yi aure suka zauna can, wasu suka dawo Elmina suka sauka a wani tudu da har yau ake kiransa da sunan Jawa.

A wannan zamani ne kuma masaƙun Holan suka yi ƙoƙarin kwaikwayon batik, wato rinin da matan Jawa suke yi da hannu, suna zana fure da narkakken kaki kafin su tsoma a baba. Na inji ya fito da 'yan tsage-tsage inda kakin ya fashe rini ya shiga. Mutanen Jawa suka ga aibi ne, suka ƙi saye. Da aka kawo shi gaɓar Gana wajen ƙarshen ƙarni na 19, sai mata suka ce wannan tsagen shi ne kyansa. Kamfanin Vlisco da ke garin Helmond, wanda aka kafa a 1846, har gobe shi yake bugawa, kuma ita ce ake sawa a saman akwatin lefe. Hajiya, ɗan ɗaga gefen zanen ki nuna wa na bayanki. Ku duba cikin shuɗin nan da kyau, za ku ga 'yan siraran layuka kamar jijiyar ganye.