Me ya sa albasa ta fi mutum yawan DNA?

Assalamu alaikum jama'a. Ku dubi wannan albasar, irin wadda ake kasawa a kasuwar Gadarif ta ƙasar Sudan. A cikin ƙwayar halittarta akwai haruffan DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da bayanan gadon halitta, kusan biliyan 16. Na ɗan Adam, da duk iliminsa, biliyan 3 ne da ɗan ɗoriya. Albasa ta ninka mu sau biyar ke nan. Gaiwar kogin Nilu kuwa, wadda masunta suka sani sarai, an ƙiyasta nata ya kai biliyan 130.

To shin mai yawan haruffa shi ne mai yawan ƙwayoyin gado, wato sassan DNA masu ɗauke da umarnin gina jiki? A wajen bakteriya, haka ne. E. coli da ke cikin hanjinmu tana da haruffa miliyan 4.6 da ƙwayoyin gado sama da 4,000, wato ɗaya a kowane harafi dubu. A faɗa maka tsawon DNA ɗin bakteriya, sai ka cinki adadin ƙwayoyin gadonta, kuma da wuya ka yi nisa da gaskiya.

Da an zo kan dabbobi da tsirrai, lissafin ya watse. Mutum yana da ƙwayoyin gado masu haɗa furotin kimanin 20,000. Wata 'yar tsutsa mai suna C. elegans, wadda tsawonta milimita ɗaya ne, ita ma wajen 20,000 gare ta, alhali haruffanta miliyan 100 kacal. Dawar da ake mana kisra da ita, haruffanta miliyan 730, amma ƙwayoyin gadonta sun haura 30,000. Dawa ta fi mu, mu haƙura.

Ina sauran haruffan suka tafi? A jikin mutum, abin da ke haɗa furotin bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Kusan rabin DNA ɗinmu wasu gutsattsari ne da suka riƙa kwafar kansu suna sake liƙewa a wani gurbi, tamkar ƙaiƙayi ya fi tsaba yawa a buhu. Barbara McClintock ce ta gano masu tsalle-tsallen nan a jikin masara, aka ba ta kyautar Nobel a 1983. Kada dai a ce duk ƙaiƙayi ne: wani sashe shi ke kunna ƙwayoyin gado da kashe su.

Alkama tata hanyar daban ce. Kundin DNA na tsirrai uku 'yan uwan juna ne suka haɗu a jikinta, shi ya sa ƙwayoyin gadonta suka zarce 100,000.

Tara kayan nan kuma ba kyauta ba ne. Galibi idan DNA ya yi yawa, ƙwayar halitta takan yi girma, ta kuma daɗe kafin ta rabu biyu.